Ƙarfen Bakin Bindiga da Kunnen Maharbi: Tambayoyi da Amsoshi

Mahaifina maharbi ne, Allah ya jiƙansa. Tun ina yaro a ƙauyenmu da ke bakin fadamar Haɗejiya na tashi da wata ƙa'ida ta gidanmu: in za ka yi wa Baba magana, zagaya ta damansa. Kunnen hagu ya riga shi tafiya da shekaru masu yawa. Mu a gida mun ɗauka tsufa ne, abokan hirarsa kuma suka ce mutanen ɓoye ne suka mare shi a dawa. Sai da na yi karatun kiwon lafiya na kama aiki a ƙaramin asibiti sannan na gane bindigarsa ce ta cinye kunnen, na kuma gane abin da ya sa na hagu ta ci ta bar na dama.

Yanzu samarinmu na ganin bidiyo a waya, Bature ya ɗaura wani ƙarfe a bakin bindiga ya harba, ka ji kamar an tafa hannu. Daga nan tambaya ta yi yawa a majalisa, daga mafarauta, da 'yan sintiri, da masu gadin shinkafa. Ni ba maƙeri ba ne, ba kuma na sayar da makami. Abin da na sani kunne ne, to ta wannan ƙofar zan amsa.

Me ke kawo ƙarar bindiga tun asali?

Mutane da yawa suna zaton harsashi ne ke ƙara. Mafi yawanta ba shi ba ne. Albarushi ne ke ƙonewa a rufaffen wuri, ya zama iska mai tsananin zafi da matsi, ita ce ke ingiza harsashi. Da harsashin ya fice daga baki, sai iskar nan ta biyo shi ta fashe a sarari lokaci guda. Wannan fashewar ita ce "daram" ɗin da kake ji.

Don ka gane girman abin, mai faci yana ba tayar mota iska 30 zuwa 35 a ma'auninsa, amma ka san yadda gari ke firgita in taya ta fashe. A cikin raifil, wato bindiga mai harba ƙwaya ɗaya da nisa, matsin kan haura 50,000 a wannan ma'aunin. Kafin harsashi ya kai baki matsin ya ragu sosai, amma sauran da ke fita dubbai ne.

Akwai ƙara ta biyu. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. Harsashin AK na fita da gudun da ya ɗara mita 700 a daƙiƙa, wasu raifil ma har 900. Duk abin da ya wuce gudun sauti yana tsaga iska da ƙara, irin "tsal" ɗin bulala in an kaɗa ta. Wannan ƙarar tare da harsashin take tafiya, babu ƙarfen bakin bindigar da ke da iko a kanta.

A ma'auni, ƙarar ta kai nawa?

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hirar mutum biyu a zaure kusan 60 ce. Wanda ke wuni a wurin da ƙara ta kai 85 ko fiye, kamar gindin injin niƙa, kunnensa na lalacewa a hankali. In ƙara ta fashewa ce mai zuwa lokaci guda, iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka ajiye wa babban mutum ita ce 140. Daga nan zuwa sama, sau ɗaya ma na iya barin tabo.

Ƙaramar raifil mai lamba .22, wadda Turawa ke harbin zomo da ita, tana kusan 140 ɗin. Bindiga mai baki biyu tana tsakanin 155 da 160. Manyan raifil daga 155 har kusan 170.

Wani zai ce ai tsakanin 140 da 160 ashirin ne kawai. Ma'aunin nan ba irin na mudu ba ne. Duk ƙarin desibel 3, ƙarfin sautin ya ninka. Ƙarin 10 ninki 10 ne, ƙarin 20 kuwa ninki 100.

Ƙarafan da ake ɗaurawa a bakin bindiga, duk aikinsu ɗaya ne?

A'a, nan ne ma ruɗanin yake. A ido suna kama da juna, amma iri huɗu ne manya, kuma biyu daga ciki aikinsu kishiyar juna ne.

Na farko mai rage walƙiya. Ɗan ƙarfe ne mai tsagogi a jiki, kamar ƙaramin kejin tsuntsu, irin wanda ke bakin M16 ta sojan Amurka. Yana wargaza iskar da ke fita don kada ta kama da wuta ta zama dunƙulen haske. Amfaninsa da dare ne, kada hasken ya kashe wa mai harbi ido. Da ƙara kusan babu ruwansa.

Na biyu birki. Shi ramuka gare shi a gefe da gefe, yana karkatar da iskar ta fita ta haƙarƙari, wani lokaci ma ta ɗan koma baya, don a rage shurin da bindiga ke yi wa kafaɗa. Yana da ɗan'uwa mai hana baki ɗagawa sama. In ka taɓa lura da AK a hannun ɗan sanda a shingen hanya, wasu za ka ga bakinsu da ɗan guntun ƙarfe mai yankan karkace kamar an fere alƙalami. Shi ne wannan, yana tura iska sama don bakin ya danne ƙasa.

Na uku shi na kira mazurari, don da shi ya yi kama. Babu rami ko ɗaya a gefensa, duk ƙofofinsa gaba suke kallo. Yana tattara fashewar ya watsa ta gaba, wajen da aka auna. Wani irinsa kamar kofi yake, ana kifa shi a kan birki don ya tare abin da birkin ke fesawa gefe.

Na huɗu salansa, wanda kowa ya sani a fim.

To wanne ne ke kawar da ƙara daga mai harbi?

Mazurari don wannan aka yi shi. Amma a fahimta, ba ya rage ƙarar da bindiga ke yi, juya mata fuska kawai yake yi. Dubi lasifikar masallacin Juma'a. Ladan da ke tsaye a bayanta yana jin kiran sallarsa daidai wa daida, mutanen unguwar da ta fuskanta kuwa har cikin ɗaki take iske su. Ƙarar ba ta ragu ba, an dai zaɓa mata inda za ta.

Mai harbi yana jin sauƙin bugun iskar nan da ke dukan fuska da ƙirji, wannan gaskiya ne. A kunne kuwa abin da ke raguwa desibel 'yan kaɗan ne, kuma raifil ɗin da ta tashi daga 160 ko 165 tana nan sama da 140. Haɗarinsa ma a nan yake: mutum ya ji sauƙi a fuska ya ɗauka kunne ma ya tsira, ya cire abin toshe kunne.

Sannan ka tambayi kanka, wa ke gabanka? A ƙasashen da ake sayar da wannan ƙarfe, yawanci a filin koyon harbi ake amfani da shi, mutane a jere kafaɗa da kafaɗa, gaba babu kowa sai allon auna. Mu kuwa farautar gayya muke yi. Karnuka na gaba, yara masu kora na gefe, wani ya riga ka shiga sarƙaƙiya. Ƙarar da ka kawar daga kanka a kansu za ta sauka. In kuma gabanka katanga ce ko gindin kuka ko gaɓar kogi, ta buga ta dawo maka.

Bindigata na shuri ƙwarai. In na sa birki ba na huta ba?

Kafaɗa ta huta, kunne ya shiga uku. Gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Birki na rage shuri sosai, shi ya sa ake sa shi a manyan raifil har da igwa, amma ƙarar da ke isa kunnen mai harbi tana ƙaruwa da desibel 5 zuwa 10, wani lokaci fiye. Wanda ke tsaye a gefenka shi ya fi shan wuya, don shi ramukan ke kallo. In a kwance ka harba a busasshiyar ƙasa irin tamu, ƙura da tsakuwa ma sai sun cika maka ido.

Ciwon kafaɗa kwana biyu ne. In shuri ya dame ka, matse gindin bindiga sosai a kafaɗa kafin ka ja kunama, ka kuma sa abu mai taushi a tsakani.

Salansa fa? Da gaske bindiga na yin shiru kamar a fim?

'Yan fim sun cuci mutane a nan. Sunan ma ya fi aikin. Salansar bindiga da ta babur hikimarsu ɗaya: a ba wa iska mai zafi ɗakunan da za ta huce ta rage gudu kafin ta fita, maimakon ta fashe gaba ɗaya. Duk wanda ya ji babur ɗin da salansarsa ta cire ya san bambancin, ya kuma san babur mai salansa ba shiru yake yi ba.

Mai kyau, ƙirar masana'anta, tana rage desibel 20 zuwa 35. A duk ƙarafan nan huɗu ita kaɗai ce ke rage ƙarar da gaske. Amma yi lissafi: raifil mai 165, cire 30, saura 135. Wannan ya fi ƙarar injin yankan katako nesa ba kusa ba, kuma "tsal" ɗin harsashi na nan daram. Mutanen ƙauyen da ke kusa za su san an yi harbi. Ga ƙarin nauyi da tsawo a bakin bindiga, ga zafi, don bayan 'yan harbi kaɗan a jere ba ka iya taɓa ta da hannu.

A Norway da Finland da New Zealand mafarauta da yawa na amfani da ita a fili, saboda kunnensu da na karnukansu da kuma maƙwabta. A Ingila masu harbin barewa sun saba da ita. A Amurka kuwa tun 1934 doka ta sa ta cikin kayan da sai an yi rajista da gwamnatin tarayya, a wannan shekarar aka kuma ɗora mata harajin dala 200, kuɗin da a wancan zamani ya ninka farashinta sau da yawa. Kowace ƙasa da yadda ta ɗauke ta.

Wa ya ƙirƙiro ta?

Kunne ya girmi kaka, kuma labarin nan ya taɓa mu. A 1884 wani mutumin Amurka da ya koma Ingila, Hiram Stevens Maxim, ya ƙera bindigar da ke harbi ba tsayawa. Ita ce kakanninmu suka kira bindiga mai ruwa, saboda ruwan da ake zuba mata don bututunta ya huce. Irinta sojojin Gwamna Lugga suka ja zuwa ganuwar Kano a watan Fabrairu na 1903, shekara uku kafin su afka wa Haɗejiya a 1906. Shi wannan Maxim ya ƙare rayuwarsa da kurumta, bayan shekarun da ya yi yana gwajin bindigoginsa.

Ɗansa, Hiram Percy Maxim, shi ya fara sayar da salansar bindiga a farkon ƙarnin da ya wuce, ya samu takardar mallakar fasaharta a 1909. Kamfaninsa daga baya ya koma ƙera salansar injuna. Uba ya yi abin da ya kurmantar da shi, ɗa ya tashi neman maganin ƙara.

Za a iya ɗaura irin waɗannan a bakin adaka ko bindigar toka? Maƙerin garinmu ya ce zai iya.

Kada ka yarda, ko kyauta zai yi maka. Wannan ce tambayar da ta fi tayar mini da hankali, don na wanke hannun da bindiga ta fashe a ciki, kuma ba abin da nake so in sake gani ba ne.

Ƙarafan nan an yi su ne don bindigar masana'anta, wadda aka yanka wa zare a baki da inji, ramin ƙarfen ya daidaita da ramin bututu ba karkacewa ko ta gashin kai. In ya kauce kaɗan, harsashi zai doke shi a hanyar fita. Adaka kuwa ba ƙwaya ɗaya take fitarwa ba. Tarkace ne ke fita tare, ƙwayoyi da tsumman da aka danna, kowanne da hanyarsa. Ta baki ake ɗura ta, to duk abin da ka ɗaura a bakin ya tare maka hanyar ɗuri. Albarushin gargajiya kuma datti gare shi, kusan rabinsa ba ya zama iska, toka da dauɗa yake bari, nan da nan ya cushe duk wani lungu.

Babban abin tsoro shi ne bututun kansa. Yawancin bindigoginmu na gida da bututun da ba don harbi aka yi shi ba aka ƙera su, kuma babu wanda ya taɓa auna iyakar ƙarfinsa. Duk abin da ya riƙe iska a baki ya ƙara wa bututu nauyin da yake ɗauka, a daidai inda hannunka na hagu yake riƙe, kusa da fuskarka. Haka gorar roba da tsumma da sauran dabarun da yara ke gani a waya. Garin neman gira a rasa ido. Tunda muna kan maganar, kada a kwance harsashin zamani a zuba garinsa a adaka. Ba irin albarushinta ba ne, ƙarfinsa ya fi abin da za ta ɗauka.

Masu turo mini saƙo in kwatanta musu yadda ake haɗa salansa a gida, ku yi haƙuri, ba zan yi ba.

Me doka ta ce?

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na soja da fistol da masu jigida, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma riƙe su ba izini ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Akwai na ƙashin kai, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu da raifil ɗin farauta, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai na ɗuri ta baki, irin adaka, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. A 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisin bindiga.

Abin da ya shafi maganarmu shi ne, a wannan doka kalmar bindiga ta haɗa har da sassanta, kuma ƙera bindiga ko gyara ta sai da izini. Saboda haka ɗan ƙarfen da ka yi oda ta intanet ko ka sa aka ƙera maka zai iya jawo maka abin da bindigar kanta ba ta jawo ba. A halin da Arewa ke ciki, tunanin jami'in da ya tsayar da kai a hanyar Falgore ya ga salansa a jakarka ba zai tafi wajen lafiyar kunne ba.

Na ga wasu na yanke bututu don bindiga ta yi sauƙin ɗauka a babur. Yana shafar ƙara?

Ƙwarai. Gajeren bututu na sakin iska tun matsinta bai ragu ba, ga fashewar ta matso kusa da kunne. Ƙara ta ƙaru, walƙiya ta ƙaru. Dokar nan ta 1959 ma ta hana gajarta bututun bindiga irin mai baki biyu ya gaza inci 20. Doguwar bindigar da kakanninmu ke saɓawa ta fi tausayin kunne.

Me ya sa kunnen hagu ke fara mutuwa, alhali a dama ake ɗora bindiga?

Ɗauki sanda ka auna kamar za ka harba. Kumatunka na dama na kwance a kan gindin bindiga, kai ya ɗan juya. Kunnen dama ya ɓuya a bayan kai da kafaɗa, na hagu kuwa ya buɗe yana kallon bakin bindiga. Bahago kuma kunnensa na dama ke tafiya. In dattijo ya shigo wurina yana juyo mini da kunnen dama, nakan ce, "Baba, an taɓa farauta ko?" Sau da yawa sai ya yi dariya ya ce wa ya gaya mini.

Kakanninmu sun yi ta harbi ba su toshe kunne ba. Ba sabo ake yi ba?

Abin da ake kira sabo shi ne kurumtar. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani lungu mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi a ka, kusan 16,000 a kowane kunne, su ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara mai ƙarfi na kwantar da su kamar alkamar da shanu suka bi ta kai. In sau ɗaya ne, wasu su miƙe bayan kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa kunnen da ya ɗauke yake dawowa. In aka yi ta bi, sai su mutu, kuma ba sa tsirowa. Wanda ya ce ƙara ta daina damunsa, waɗanda za su ji ta ne suka ƙare.

Abin ba ya zuwa da sallama. Siraran sautuka ke fara tafiya. Mutum yana jin amon magana sarai, amma baƙaƙe irin su s da sh da ts da f sun zube. A ɗaki shi da mutum ɗaya lafiya lau, a kasuwa ko wurin ɗaurin aure sai ya yi ta gyaɗa kai bai san me aka ce ba. Muryar mata da ta yara ta fi ɓace masa, har rigima ta tashi a gida. Innarmu ta yi shekaru tana cewa Malam na jin abin da yake so ne kawai, in abokansa ne ai yana ji. Ba ta san muryar maza mai kauri ce kaɗai ta rage masa ba. Ga kuma kukan kunne, "shuuu" ko "ziii" dare da rana, wanda ya fi tsananta in gari ya yi tsit.

To mene ne ke kare kunne da gaske?

Abin toshe kunne. Na soso, wanda ma'aikatan masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa ke sawa, in an sa shi daidai yana rage desibel 20 zuwa 30, kusan abin da salansa mai tsada ke yi, ba ɗan sanda ba kotu. Ana samunsa wurin masu sayar da kayan kariyar ma'aikata a Kano, da wasu manyan kemis.

Sa shi daidai ɗin ne mutane ba su iya ba. Murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri kamar tsinke. Zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja saman kunne sama da baya, ramin zai miƙe. Tura shi ciki, ka riƙe da yatsa kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura ya cika ramin. In rabinsa na leƙowa waje, ado ka yi. Alamar ya zauna ita ce ka ji muryarka ta koma kamar kana magana a cikin randa.

Akwai kuma na kifawa, mai kamar kofi biyu da maɗauri ta saman kai. Rawani ko hula mai kauri na hana shi manne wa fata, a lura. Wanda zai yi harbi da yawa, kamar ranar atisaye, ya haɗa biyun, a samu ƙarin desibel 5 ko makamancin haka.

Auduga kuwa kusan ba ta tare komai. Abin jin waƙa na waya shi ma haka.

In na toshe kunne, ta yaya zan ji motsin nama, ko motsin ɓarawo in ina sintiri?

Wannan ƙorafi ne na gaskiya, kuma shi ya sa mafarauta ko'ina a duniya ke ƙin toshe kunne. Akwai na kifawa mai batir, wanda ke ƙara maka ƙananan sautuka kamar karyewar kara, amma ya datse ƙara mai ƙarfi nan take. Yana da tsada, sai dai ƙungiya ta haɗa kuɗi ta saya wa masu harbinta.

Wanda ba shi da hali, ya rataya na soso a wuya da zare. Ba kowane harbi ne na gaggawa ba. Mai kwanton agwagwar ruwa a fadama, da mai korar tsuntsu, da mai gwada bindiga bayan gyara, duk suna da lokacin toshewa. In abu ya zo ba shiri, ko na hagu kaɗai ka toshe ka rage asara, ko da yake na daman ma ba tsira ya yi ba.

'Yan bindigar sarki ranar hawan sallah, da masu korar jan-baki a gonar shinkafa, su ma abin ya shafe su? Ai ba harsashi a ciki.

Ƙarar daga albarushi take, ba daga harsashi ba. Masu buga bindiga a Hawan Daushe a Kano, ko a hawan sarakunan Dutse, Haɗejiya, Gumel, Kazaure da Ringim, da gangan suke cika ɗuri don ta yi amo, kuma a jere suke bugawa, kowa na sha daga na kusa da shi. Abin toshe kunne na soso ba ya hana kwalliya, hula ma na rufe shi.

Amma yara nake ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ƙarar fashewa ga yaro a desibel 120, ba 140 ba. A sarari, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙara na raguwa da desibel 6. In ta ninka sau 10, ta ragu da 20. Bindigar da ke da 160 a mita 1 tana da kusan 140 a mita 10, sai a wajen mita 100 take sauka 120. Mace da goyo a bayanta ta kutsa gaba don ta ga hawa, ita ta toshe kunnenta da yatsa, jaririn fa? Haka yaran da ake turawa gadin shinkafa a Auyo ko Kura lokacin da jan-baki ya sauko, suna tsaye gefen mai bindiga tun asuba. A matsar da su baya, su riƙe gwangwani da majajjawarsu.

Na yi harbi, kunnena ya ɗauke yana kuka. Me zan yi?

Ka nisanci ƙara, har da injin niƙa da janareta, na kwana biyu. In ji bai dawo ba bayan kwana ɗaya zuwa biyu, ko akwai jini ko ruwa na fita, ko jiri, ko in ka hura hanci ka ji iska na fita ta kunne, tafi asibiti a makon nan, kada ka jira kasuwa ta zagayo. Akwai maganin da likita kan gwada wa jin da ya ɗauke farat ɗaya, amma a kwanakin farko yake da amfani.

In dodon kunne ne ya huje, yawanci yana haɗewa da kansa cikin makonni, in an bar shi a bushe. Kada a ɗiga man zaitun, ko ruwan albasa, ko miski, ko wani tsimi. Kada a sa tsinke ko gashin kaza. Wurin wanka a toshe bakin kunnen da auduga mai ɗan man shafawa, a nan ne auduga ke da rana. A kuma gaya wa mai kemis halin da ake ciki kafin ya yi allurar janta, don ita kanta tana iya taɓa ji, haka kwinin.

Akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Gwajin ji ba ya ciwo. Za a sa maka abu a kunne, ka ɗaga hannu duk lokacin da ka ji sauti. A takardar sakamakon mai harbi akan ga layin ya zo daidai, sai ya faɗa rami a wajen sauti mai lamba 4,000, ya ɗan hau kuma. Ma'aikacin da ya saba, da ganin ramin nan zai tambaye ka aikin ƙara kake yi ko harbi.

Wanda kunnensa ya riga ya tafi, akwai abin yi?

Abin da ya mutu ba ya dawowa, amma na'urar ƙara ji tana taimako in an auna kunnen an saita ta daidai da ramin da ke takardarka. Wadda ake saya a tebur a kasuwa komai take ƙarawa, har da hayaniyar da kake ji da ma, shi ya sa dattawa ke jefa ta a ƙasan akwati bayan mako guda. Mutanen gida kuma su daina ihu. A fuskance shi, a yi magana a hankali a inda haske ke kan fuska, a kashe rediyo tukuna. Sauran jin da ya rage masa kuma shi ne abin tsaro yanzu, don haka shi ya fi kowa buƙatar abin toshe kunne in zai sake ɗaukar bindiga.